Binciken Da Ya Tayar Da Majinyata Daga Kan Gado

Ba huhu kaɗai tarin fuka ke kamawa ba. Ƙwayoyinsa kan bi jini su sauka a ƙashin baya, su yi ta cin gaɓoɓinsa har mutum ya yi doro, wani sa'in ma ƙafafu su shanye. A dā, mai wannan cuta sai ya kwanta watanni a asibiti, ɗaure cikin filasta.

Peter Konstam, likitan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya ga gadaje ba su isa ba. Sai ya riƙa ba majinyata magani su koma gida, suna dawowa ana duba su. Ya buga sakamakon a 1958, ya ƙara da wani a 1962 tare da Blesovsky: akasarinsu sun warke ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

A wannan zamani kuwa, Hodgson na Hong Kong fiɗa ya fi amincewa da ita. Domin raba gardama, Majalisar Binciken Lafiya ta Biritaniya ta gudanar da gwaje-gwaje a Koriya da Bulawayo da Hong Kong, ta fara fitar da rahotanni a 1973. Aka tabbatar magani kaɗai yakan wadatar da mafi yawa, ko da yake fiɗa ta fi hana doro ƙaruwa.

Saboda haka manomin Kebbe ko Tambuwal yana iya jinya a gidansa, muddin an gano cutar da wuri kuma bai tsinke shan magani ba. Amma da zarar ƙafafu sun soma rauni, sai a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.