Naira 70,000 Ba Ta Kowa Ba Ce: Aikin Da Ke Jiran Masu Digirin Dakta

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 a Yulin 2024, surutu bai wuce wane gwamna ya biya, wane ya noƙe ba. Jama'a sun ɗauka dokar ta rufe kowa. Ba haka ba ne. Ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame masu aikin kamasho da na lokaci-lokaci irin na gona. Ke nan malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da yaron shago a Kantin Kwari, da mai gadin gida, duk suna waje. Alhali fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba su cikin tsarin aikin albashi na hukuma.

A 1981, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, gwamnatin Shagari ta yanke naira 125, wadda a lokacin ta haura dala 200. Aka zo 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019. Ta yanzu, ranar da aka amince da ita, ba ta kai dala 50 ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka watsar da tarihin ƙwadagon Arewa. Idan ana maganar gwagwarmayar ma'aikata, sai a ambaci Michael Imoudu da yajin 1945, da mahaƙa kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949, a tsaya nan. Ina dubban talakawan da Turawa suka kwaso daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, suka tilasta musu haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da dama? Ina ma'aikatan masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, waɗanda suka raya Kakuri, daga baya masaƙun suka durƙushe, da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama? Shahararrun littattafan da ake dogaro da su kan ƙwadagon Arewa, baƙi ne suka rubuta: Bill Freund kan kuzar Jos a 1981, Paul Lubeck kan leburorin masana'antun Kano a 1986. Sun kyauta, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga aiki nan jibge ga ɗalibin da ke neman batun digirin dakta a tsangayar shari'a ta Zariya ko Bayero ko Maiduguri. Dokar Ƙwadago ta 1974 ce har yau. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu cikakken iko bayan gyaran tsarin mulki na 2010, hukunce-hukuncenta na buƙatar mai bin diddigi. Fiƙihun Malikiyya yana da babin ijara mai faɗi kan ladan ɗan ƙwadago, ya kamata a gwama shi da dokar zamani. Sannan nawa ne ainihin kuɗin ciyar da iyali na wata guda a Gusau ko Damaturu?

Doka ta ce a sake duba albashin bayan shekara uku, wato 2027. Idan ƙungiyar ƙwadago ta koma teburi ba alƙaluman bincike a hannu, za a sake cinikin kasuwa, wannan ya taya, wancan ya ce albarka. Ya kamata asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya ware kuɗi takamaimai don wannan fanni, shugabannin jami'o'i su tura ɗalibai cikin kasuwanni da masana'antu. Tsofaffin ma'aikatan Kakuri kuma a je a naɗi bayanansu tun suna da rai.