Tsakanin Ɗari da Bazara: Yaye, Azumi da Rainon Yaro a Sabon Maci

Wajen ƙarshen watan Fabrairu sanyin asuba bai gama sakin Sabon Maci ba, amma da hantsi ya ɗaga sai rana ta fara cizo. Yaron da aka naɗe da rigar sanyi da hula tun kafin assalatu, shi ne za a gani da azahar yana tatata a tsakar gida daga shi sai ɗan kamfai, ƙafafu furu-furu da ƙura, leɓe ya tsage, hanci na zuba. Garin yana gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, kan hanyar da ta taso daga Tsibiri ta bi ta Kornaka ta nufi Dakoro, ƙasar hatsi da wake da ƙananan bisashe. A watan Janairu sanyin dare a wannan yanki yakan sauko ƙasa da digiri 15, kafin Afrilu ya ƙare kuwa zafin rana ya haura 40. 'Yan makonnin da ke tsakani ba noma ba girbi, baƙo zai ɗauka hutu ake yi. Mai ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ta san ba haka ba ne, domin a cikinsu ake yanke shawarwarin da za su nuna ko yaron zai shiga damina da jiki ko da rama.

Hazon da ke dushe rana daga nesa yake tafe. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamada, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi. Tana busar da maƙogwaro da hanci, ta buɗe ƙofa ga mura da tari da ciwon haƙarƙari. A kan wannan ga hayaƙin karan da ake hurawa cikin ɗaki don jin ɗumi, ga kuma wutar kanta, wadda ke ƙona yaran da suka fara tafiya ba su san garwashi ba.

Sai sanƙarau, wanda tsofaffi ba sa son ko ambatonsa. Nijar tana tsakiyar yankin da wannan cuta ke tashi duk rani, daga Senegal har Habasha, kuma takan lafa ne da zarar ruwan sama ya sauka. A watan Disamba na 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙaddamar da rigakafin MenAfriVac, wanda ya karya lagon nau'in A, mai haddasa manyan annoba a da. Amma a 2015 wani nau'in, C, ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar, Nijeriya ce ta fara, Nijar ta biyo baya. Abin lura ga uwa shi ne ƙaramin yaro ba lallai wuyansa ya sanƙare kamar na babba ba. Zazzaɓi mai zafi, ƙin nono, kukan da ba ya rarrasuwa, taune-taune ko maɗigar da ta kumbura sun isa a nufi likita ko da tsakar dare ne. Ƙyanda ma rani take so. Allurarta ta farko a wata tara ake yi, kuma yawancin iyaye suna kai wa nan. Ta biyun, da ake yi cikin shekara ta biyu, ita ce ake yawan mantawa, don a lokacin yaro ya yi ƙafa, katin awo ya shige ƙasan akwati.

Wa ke gida a wannan lokacin? Galibi mata da yara da tsofaffi. Da an kammala kaka an ɗaure dammuna, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani: Maraɗi, Katsina, Kano, Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya na Jado, wasu har Libiya da Aljeriya. A gidaje da dama na ƙasar Maraɗi maigida kan rufe rumbun gandu kafin ya tafi, ba za a taɓa shi ba sai ruwa ya sauka, don masu noma su sami abin ci. Dabara ce mai hujja, amma tana nufin tukunyar rani ta dogara ne da abin da mace ta samu a gamanarta, wato 'yar gonarta ta kanta, da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ƙosai, da abin da aka aiko ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko hannun direba. Ga daka, ga itace, ga ruwa, a ƙasar da rijiyoyinta ke da zurfin da sai an sa shanu ko jakuna su ja guga. Yaron da ke neman a ba shi abinci sau huɗu ko biyar a wuni yana gasa ne da duk waɗannan ayyuka, kuma sau da yawa goyonsa na hannun yayarsa 'yar shekara bakwai.

Cikin wannan hali maganar yaye ke tasowa, kuma ita ce babbar magana. Malamai sukan kawo aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Da wuya a sami batun da zaure da asibiti suka yi baki ɗaya a kansa kamar wannan. Duk da haka yara da yawa ba sa kaiwa, kuma babban dalili shi ne kwanika. Idan mai goyo ta ga ta sami wani cikin, abin da aka gada shi ne nononta ya lalace, zai sa yaro zawo, sai a cire shi rana ɗaya. Likitoci sun ce nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, cirewar gaggawar ce ke kayar da shi. Ba kuma ƙaramin al'amari ba ne a nan: binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi kuwa sama da 8.

Yadda ake yayen ma abin dubawa ne. A al'ada akan zaɓi rana, malam ya yi rubutu a wanke a ba yaro, a shafa wa nono wani abu mai ɗaci, sannan a ɗauke shi a kai wa kaka, wani lokaci a wani ƙauyen. Hikimar a bayyane take: kaka tana da haƙuri da lokaci, ga wasan jika da ke sa yaro ya saki jiki, uwa kuma ta huta. Matsalar ita ce yaro ya rasa nono da uwa a yini guda, ya yi zuciya ya ƙi abinci, abin da ake lallashinsa da shi kuma kunu ne tsararo ko farau-farau, ciki ya cika da ruwa jiki bai samu komai ba. Idan wannan ya faɗo daidai shigowar bazara, ga zafi ga ruwan sha da ya fara ƙaranci, zawo na biyo baya. Sai a ce haƙori ne. Haƙori kuwa an ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa, don yakan sa ƙaiƙayin dasashi da dalala, amma zawon kwana uku da idanun da suka faɗa aikin ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinki, da kuma likita.

Mutanen wannan yanki sun san inda hanyar ke ɓullewa. A 2005, bayan fari da fara, jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce tamowa ta fi yi wa ɓarna. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, har da cibiyar da ta buɗe a Dakoro, kuma yawancinsu 'yan ƙasa da shekara uku ne, wato 'yan yaye da masu jiran yaye. A lokacin ne Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, ya shiga bakin kowa, domin ya sa ana iya jinyar yaro a gida maimakon kwantar da shi. Daga baya aka fara koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu da ɗan zare mai launi uku, dabarar da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada a Mirya ta jihar Damagaram. Ƙasa da milimita 115 ja ne, a tafi asibiti yau. Tsakanin 115 da 125 rawaya ne, gargaɗi. Ba sai mace ta yi lakwal ba kafin ta karanta shi.

Abin da ke hana a kai ga ja, mafi yawansa yana cikin gari. Cokalin garin ƙuli-ƙuli ko na wake a cikin kunu, ɗan mai, ganyen zogale ko kuka, ƙwai idan kaza ta yi, sukan mayar da kunun ya zama abinci. Sai jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna da yawan haihuwar tagwaye da nono, har gwamnati ta kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi. Akuya dukiyar mace ce, ba sai ta jira izinin wanda ke Legas ba kafin ta tatsa. Gawo kuma, da yake shi da rani yake ganye, yana zubo 'ya'yansa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, akuya ta ci, yaro ya sha.

A 'yan shekarun nan azumi ma ya faɗo cikin wannan tsakanin. Ramadan na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Mai shayarwa da ke daka da jan ruwa da baki a bushe takan ga nono ya ragu, wasu kuma nan suke yanke shawarar yaye don su samu su yi azuminsu cikakke. Alhali Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ta yi maganar a fili: mai shayarwa da ta ji tsoron cutuwar ɗanta, ba ta sami mai shayar mata ba ko yaron ya ƙi nonon wata, tana iya ajiye azumi. A mazhabar Malikiyya za ta rama daga baya, ta kuma ciyar da mudu guda a kan kowace rana. Sauƙin yana nan a littafi. Abin da ke hana ɗaukarsa kunya ce, kada kishiya ko uwar miji ta ga tana shan ruwa da rana, da kuma nauyin ramuwa ita kaɗai bayan kowa ya sha ruwan salla. Malamin da zai faɗi wannan hukunci a wajen tafsiri, da lasifika, yadda mata za su ji daga cikin gida, ya yi wa 'yan goyon garin aikin da ya kai na ma'aikacin allura.

Shi kuwa yaron, addini ta ido da kunne yake shigarsa. Ba wanda ke neman salla a wurinsa, hadisi ya sa shekara bakwai ne lokacin fara umarni. Amma ɗan wata goma sha takwas ya riga ya iya dungura goshi a ƙasa kusa da uwarsa, ya hau bayan kakansa yana sujada, a bar shi har ya sauka don kansa. Yana miƙa hannu cikin akushi za a ce masa, "Da dama, ce bismilla." Ya yi atishawa a yi masa addu'a, ya yi tuntuɓe a ce "Ya salam", da magariba a janye shi ɗaki a tofe shi. Da dare yana jin yayyensa na rera karatu a bakin wutar makarantar allo, shekaru kafin a saya masa nasa allon. Idan ɗan fari ne, uwar ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa gaban mutane ba, sai kaka da gwaggo su cike gurbin, shi ya sa maganarsu kan abincinsa da maganinsa ta fi tata nauyi. Mai son gyara yadda ake yaye a Sabon Maci, da tsofaffin nan zai fara zama.

Layar da ke wuyansa ko ƙugunsa kuwa ta daɗe da zama abin muhawara a ƙasar Maraɗi, tun da wa'azin Izala ya yi ƙarfi. Wani gida ana ɗaurawa don tsarin baki, maƙwabcinsa ya ce addu'a da tofi sun wadatar. Ma'aikatan lafiya ba su cika shiga wannan gardama ba. Damuwarsu ita ce kwanakin da ake ɓatawa ana jiran rubutu ya yi aiki kafin a ɗauko yaro.

Jinkirin ma ba koyaushe daga imani yake ba. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, kuma hakan ya ƙara yawan masu zuwa asibiti ƙwarai. Sai dai kuɗin da ya kamata a mayar wa asibitoci yakan makara, magani ya yanke, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya, ban da kuɗin kabu-kabu ko amalanke daga ƙauye. A nan asusun mata ke shigowa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu mako-mako, kowa ta zuba abin da aka yanka cikin akwati mai kwaɗo, mai buƙata ta ranta ta mayar, a raba a ƙarshen zango. Tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Yawancin ƙungiyoyin sukan ware ɗan wani abu daban na taimakon gaggawa, kuma daga cikinsa ake fitar da jaka ɗaya ko biyu ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, maigida bai aiko ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Mazan sukan fara dawowa ne cikin Mayu don sharar gona, rumbun gandu kuma sai an yi shuka.