Kalmar "cunning": yabo ce ko zargi?

Ƴan kasuwar Maraɗi da na Birnin Ƙonni masu hulɗa da ƙetaren iyaka, da ma'aikatan da takardun Ingilishi ke biyowa ta hannunsu, sukan ci karo da wata kalma, cunning, wadda ake faɗi "kanin". Wanda aka kira da ita, in ya tambaya aka ce masa "mai wayo" ake nufi, sai ya ɗauka an yabe shi. Ba a yabe shi ba.

A Hausa wayo fuska biyu gare shi. In an ce yaro ya yi wayo, hankali ne ya zo masa. In an ce wane ya yi wa wane wayo, cuta ce. Ita cunning ta yau fuska ta biyu ta fi riƙewa: mutum ya biya bukatarsa a ɓoye, ya bar ɗan'uwansa da cizon yatsa. Halin Gizo ke nan cikin tatsuniya.

Da can ba haka take ba. Tushenta wata tsohuwar kalma ce, cunnan, wato "sani", wadda kuma ta haifi can, wato "iya". A ƙarni na 14, wanda aka kira da ita masani ne ko gwanin sana'a. Baibul ɗin da aka fitar a Ingila a 1611, zamanin Sarki Jems, da ita ya siffanta maƙerin tagulla, da mafarauci, har da gwanin kiɗa. A ƙauyukan Ingila kuma an yi waɗansu mutane da ake kira cunning folk, masu ba da magani da neman kayan sata, kusan aikin boka. Ma'anar yaudara kuwa ta shigo, sannu a hankali ta danne ta gwaninta. Haka ya faru da crafty, wadda ta fito daga kalmar sana'a. Da alama jama'a ba su cika sakin jiki da wanda ya fi su sani ba.

A Ingilishin kasuwa na Najeriya ana faɗinta "koni", har akwai karin maganar da ke cewa in mai wayo ya mutu, mai wayo ke binne shi.

Saboda haka tafinta ko magatakarda, in ya tarar da ita cikin takardar shari'a ko ta ciniki, "makirci" ko "wayon cuta" ya fi dacewa ya rubuta. Da yabo ake nufi, clever ko skilful za a sa.