Dardumar Turkmen: kowace ƙabila da tambarinta

Alhazan da suka leƙa shagunan dardumai a Makka ko Madina sun sha jin ana kiran wata jar darduma da suna "Buhara". Alhali Buhara kasuwa ce kawai da fatake ke kai su. Masaƙan asali matan Turkmen ne, makiyayan tsakiyar Asiya, waɗanda ke saƙa da gashin tumakinsu a masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa.

Kowace ƙabila tana da tambarinta da ake kira "gul", kamar yadda zanen fuska ke nuna asalin mutum a ƙasarmu. Na Tekke mai kusurwa takwas ne, a jere sahu-sahu. Wani na Yomut kuwa yana da ƙugiyoyi a gefensa. Biyar daga cikin tamburan nan suna jikin tutar Turkmenistan, kuma a 2019 UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya. Jan rinin daga saiwar wani tsiro ake samo shi, shuɗin kuma daga baba, irin wanda marinanmu suka sani.

To, ɗan'uwa mai neman tsaraba, kada daɗin bakin mai shago ya ruɗe ka, domin inji ma yana kwaikwayon tamburan. Juya bayanta ka duba. Ta hannu ƙullinta ba ya yin daidai wa daida, launinta yakan ɗan sāɓa daga wuri zuwa wuri, gezarta kuma daga zaren jikinta ta fito. Ta inji galibi ɗinka mata geza ake yi. Wanda ya gaji tsohuwa daga iyaye ya riƙa kakkaɓe ta yana shanyawa a inuwa, saboda asu.