Madaki Kuma da Yaƙin Hotoro

Wanda ya tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya ratsa Tarauni ya miƙe hanyar Maiduguri, ba zai daɗe ba zai isa Hotoro. Gidaje da ma'aikatu sun cinye wurin, amma a shekarar 1652 fili ne a gabas da ganuwa, kuma a nan ne aka raba gardama tsakanin Sarkin Kano Muhammadu Kukuna da babban jarumin fadarsa, Madaki Kuma.

Sarautar Madaki ba ƙarama ba ce. Shi ne shugaban mahaya dawaki, yana kuma cikin Tara ta Kano, wato manyan 'yan majalisar Sarki. A zamanin da doki ne ƙarfin yaƙi, wanda barade suke bi shi ne riƙe da ragamar gari.

Kuma ya yi aiki ne a ƙarƙashin gidan Kutumbawa, zuriyar Sarki Kutumbi wanda ya mulki Kano daga 1623 zuwa 1648. Bayan rasuwar Kutumbi gidan ya rikice, aka yi sarakuna uku cikin 'yan shekaru: Alhaji, da Shekarau, sa'an nan Kukuna a 1651. To, 'yar'uwar Madaki, Fasuma, matar Shekarau ce, ta kuwa haifa masa ɗa mai suna Soyaki. Da Kukuna ya shekara guda a gadon sarauta sai Madaki ya tuɓe shi ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa. Ba sai an faɗa ba, sunan sarauta na Soyaki, iko na kawunsa.

Kukuna ya tafi Zazzau. Wata uku kacal aka yi, sauran manyan gari suka haɗa baki suka aika masa a ɓoye. Bai nufo Kano kai tsaye ba, sai ya bi ta Gaya, Sarkin Gaya ya mara masa baya, suka taso ta gabas. Madaki ya tara Kanawa ya fita ya tare su a Hotoro.

A nan ne lissafinsa ya watse. Ya ɗauka mutanen da suka saba bin sa fagen fama za su bi shi ko a kan wa ya zare takobi. Ashe darajar Sarki suke bi, ba ta Kuma ba. Da aka yi arangama suka janye jiki suka bar shi. Kukuna ya tasam masa da mashi, shi kuwa ya juya linzami ya nufi Ƙofar Kawayi.

Littafin Tarihin Kano ya nuna Kukuna bai kashe Soyaki ba, fitar da shi ya yi daga fada. Madaki kuwa aka kama shi, aka ɗora shi bisa jaki, aka ba 'yan mata suka zaga gari da shi. Ga mutumin da dubban dawaki suka bi, wannan ya fi takobi zafi, baƙin ciki kuwa ya kashe shi.

Shekara ta kewayo Sarkin Kwararrafa Adashu ya kawo wa Kano yaƙi. Kukuna ya fice daga birni, da ya komo ya tarar an rushe Ƙofar Kawayi.