Takardar bango a banɗaki: yadda ake ɓare ta idan damina ta tona asiri

Wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo, ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, zai ga yadda gidajen bulo da siminti ke maye gurbin ginin ƙasa. Tare da su wani salo ya shigo jeren amare: takardar bango, wadda masu sana'ar ke kira walfefa. A falo da uwar ɗaki tana yin kyau. Sai dai wasu kan zarce da ita har banɗaki, kuma kafin Agusta ta biyu ta fita sai ka ga gefenta ya ɗaɗɗago, baƙin tabo ya bayyana, ɗakin na warin ruma.

Yawancin irin wannan takarda fuskarta leda ce, bayanta kuma gam ne mai narkewa a ruwa, sau da yawa na sitaci, ɗan'uwan wanda ake sa wa kaya kafin guga. Bangon banɗaki kuwa kullum cikin shan ruwa yake: ga fantsamar wanka, ga danshin da ke hawowa daga ƙasa ta ƙananan ƙofofin bulo, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ledar sai ta tare danshin, sitacin ya zama abincin fumfuna. Ƙwayoyin fumfunar nan da ke tashi a iska suna tayar wa masu asma ciwonsu.

Lokacin ɓare ta shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe ƙarau. A fara kashe wutar ɗakin, ko da an ɗauke ta, don ba ta sallama idan za ta dawo. Sannan a tsattsaga fuskar ledar da bakin wuƙa sama-sama, domin ruwa ya samu hanyar kaiwa ga gam. A jiƙa da ruwan ɗumi mai ɗan sabulu, a bar shi kamar minti 15, a sa faffaɗan ƙarfen da masu fenti ke kankare bango da shi. Inda ta ƙi, a ƙara jiƙawa. Mai gaggawa shi ke ɓantaro filasta, ya jawo wa kansa kuɗin magini. Wadda ke zuwa da gam ɗinta a jiki, kamar sitika, ba ta jin ruwa. Zafin na'urar busar da gashi ne ke sakin ta.

Akwai kuskure biyu masu haɗari. Idan za a kashe fumfuna da ruwan bilic, kada a gauraya shi da maganin wanke masai mai asid, domin haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Idan kuma an tarar da tsohon fentin mai a ƙarƙashi, kada a goge shi a bushe, don wasu tsofaffin fenti na ɗauke da dalma. Ba mu manta da Zamfara ba: a 2010, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A jiƙa kafin a kankare, a rufe hanci, yara su yi nisa.

Bayan an gama, a bar bangon makonni yana shan iska. Farin garin da zai fito kamar kanwa gishiri ne da ruwa ya bari. A share shi a bushe, a nemo bututun da ke yoyo ko kwatar da ta toshe. Maginan zamanin da sun san ɓarnar da ruwa ke yi wa bango, shi ya sa suke yaɓe da makuba da laso inda ruwa ke taɓawa. Mai hali ya sa tayil zuwa tsayin kafaɗa, marar hali ya yi filasta mai santsi da fentin da ke jure ruwa, a kuma buɗe taga. Takarda dai kada a mayar da ita banɗaki.