Me Ya Sa Lasifika Ke Shaƙewa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gummi ko ta Anka ya san muryar mai tallar magani idan ya ƙure lasifika: sai ta riƙa karkarwa kamar fasasshiyar ƙwarya. Sau da yawa lasifikar lafiyarta lau, amfilifaya ce ta jirkita sautin.

Sauti igiya ce mai hawa da sauka. A ce an shigar da mai kaɗawa sau 1,000 a sakan. Amfilifaya ta ƙwarai za ta ƙara mata ƙarfi kawai, amma in ta ɗan lanƙwasa ta, sai wasu muryoyi su ɓullo masu kaɗawa sau 2,000, da 3,000, har gaba. Mu kira su 'yan rakiya. Su ne ke bambanta amon molo da na sarewa, saboda haka ba abin ƙi ba ne. Matsalar ita ce waɗanda na'ura ta ƙirƙiro da kanta.

Wani injiniyan Amurka, Harold Black, shi ya gano maganin a 1927: a ɗebo kaɗan daga abin da ya fita, a mayar baya a cire daga abin da ke shiga, na'urar ta riƙa gyara kuskurenta. Ɗaliban ilmin halittu sun san wannan dabara, domin haka jiki ke yi: zafi ya wuce digiri 37, gumi ya tsattsafo, zafi ya sauka.

Ɗauki ɗan guntun amfilifayan nan mai lamba 741, wanda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Yana iya ninka sauti mai kauri kamar sau 200,000. In ninki 10 kaɗai muke so, rarar 20,000 ke nan, kuma da wannan rara ake raba jirkitar. Sai dai a kaɗawa 10,000 ƙarfinsa ya faɗo zuwa wajen 100, rarar ta koma 10 kacal. Shi ya sa siraran muryoyi suka fi shan wahala.

Akwai kuma inda dabarar ba ta kaiwa. Mai gumi a bazarar Bukkuyum, in ruwan jikinsa ya ƙare, gumi ya tsaya. Haka amfilifaya: igiya ba ta wuce iyakar wutar da batir ke bayarwa, in an matsa sai a aske mata kai sama da ƙasa, 'yan rakiya na 3,000 da 5,000 su cika kunne. Mai talla ya rage murya kaɗan ko ya cika batirinsa, za a fi jin abin da yake faɗa.